Shekarar da Zazzaɓi Ya Kai Ni Garken Shanu

Ya ku 'ya'yana, akwai maganar da kuka daɗe kuna yi a bayan idona, kuna tsammanin ba ta zuwa kunnena. Wai da na karɓi canjin wurin aiki zuwa Katsina lokacin da aka ba ni, da a birni kuka tashi, da ba ku yi karatu a ajin da iska ta kwashe wa rufi ba. Ke babbarsu, da har yau bakina bai iya kiran sunanki ba, ke kika fi kowa faɗa. Ban musa ba, gaskiya kuke faɗi. Amma rabin labarin kuka sani. Tunda yanzu na aje aiki, gwiwa ta hana ni yawo amma hannu bai mutu ba, bari in rubuta muku sauran, kowa ya yi hukunci da cikakken sani.

A waccan shekara ina riƙe da wani ɗan ƙaramin asibiti a gefen Wagini, ɗaki biyu da rumfa. Kullum da safe mahaifinku yake sauke ni a babur kafin ya wuce mahauta, don kun san sana'arsa fawa ce, gado daga kakanni. Da damina ta fara nisa, sai wata dattijuwar Bafulatana mai tallan nono, Inna Dije, matar Arɗon wata ruga da ke kan hanyar Runka, ta kawo mini surukarta Maire. Zazzaɓi ne yake kama yarinyar da yamma, ta jiƙe sharkaf da gumi, gaɓoɓi su yi ta ciwo, da safe kuma ta tashi kamar ba ita ba. Na ce cizon sauro ne, damina ce, na ba ta magani. Bayan sati biyu suka dawo, na sake ba ta. Suka kuma dawowa a karo na uku, wannan karon har da wasu mata biyu da wani makiyayi magidanci, duk ciwo iri ɗaya. Maire ta rame, awarwaronta har yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Inna Dije ta aje ƙwaryarta, ta dube ni ido cikin ido.

"Malama, ko dai maganin naki na Hausawa ne kaɗai?"

Na yi dariya, amma maganar ta bi ni har gida. Da yamma muna cin tuwo a tsakar gida, ni da mahaifinku da kakarku Iya, na ba su labari. Iya, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yarda akwai ciwon da ya fi ƙarfin sabara da jiƙo ba.

"Iska ce," in ji ta. "Mutanen da ke kwana a daji, mi zai hana iska ta taɓa su?"

Mahaifinku ya gama ci ya siɗe hannu. Sannan ya tambaye ni wace ruga ce. Da na faɗa masa, sai ya girgiza kai.

"Wagga ruga ba mutanenta kaɗai ba ne ba su da lafiya. Shanunsu ma bana sai ɓari suke yi. Saniya ta ɗauki ciki har ya tsufa, sai ta zubar. Mu mahauta duk mun sani, don ana ta kawo mana waɗanda suka yi ɓarin a sayar."

"To kai ma likita ka zama?" in ji Iya.

"Iya, shekara nawa ina duba cikin saniya? Ita Likita ai daga waje take hange."

Likita yake kirana in yana son tsokana. Na ce masa ni ba ruwana da cikin saniya, mutane aka koya mini. Ya ce to in je in tambayi wanda aka koya wa dabbobi mana, ko bakina zai zube? Ranar kasuwar Batsari ya ja ni har kara, inda ake cinikin shanu, ni da farin hijabina ina tsallake kashi, dillalai suna kallona kamar na ɓata hanya. Can muka sami Malam Iro, malamin dabbobi, wani siririn mutum mai yawan magana, hannunsa cikin bakin wani bijimi. Duk shekarun da muka yi muna aiki a ƙaramar hukuma ɗaya, ban taɓa gaisawa da shi ba. Da na kwatanta masa ciwon Maire, sai ya zare hannunsa ya goge a riga.

"Bakkale ke nan, haka Fulani ke ce masa. Shi ke sa saniya ɓari. Mutum yana ɗauka in ya sha madarar da ba a dafa ba, ko ya taɓa ɓarin da hannu. Ba a koya muku ba?"

"An koya," na ce. "Rabin shafi ne, kuma bai fito a jarrabawa ba."

Muka tsaya nan cikin rana kowa yana kai ƙarar aikinsa. Na ce masa ni in na je ruga da akwatin allurar rigakafin yara, kafin in sauka daga babur bukkoki sun zama kango, uwa da ɗa duk sun shige dawa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi in ya je da allurar shanu, tun daga nesa ake taro shi, a shimfiɗa masa tabarma, wani lokacin har zabo ake yanka masa. Sai dai yana gani da idonsa yara na tari, mata masu ciki ƙafa a kumbure, ba abin da zai iya yi musu. Mahaifinku da ke tsaye yana sauraro ya ce:

"To ku biyun nan, wane ne ya hana ku tafiya rana ɗaya?"

Babu wanda ya hana mu. Babu dai wanda ya taɓa cewa mu yi. Malam Iro ya ce in za a yi, sai a tafi da dubagari, don shi ya san yadda za a yi da ɓarin da ake jefarwa a bakin tafki karnuka na ja. Dubagarinmu a lokacin Malam Tukur ne, mutumin da in ya shigo unguwa mata ke rige-rigen rufe randa. Kullum cikin farin kaki mai guga, ba ya dariya, ko Iya da ba ta tsoron kowa takan sa a share zaure in ta ji an ce ga shi nan. Na ce wannan ai shi zai kore mana mutane. Malam Iro ya ce a'a, a ruga babu randar da zai leƙa.

Muka tafi wata Talata da hantsi, babur uku. Ni a bayan mahaifinku da akwatin sanyi a cinya, Malam Iro da nasa akwatin daban, Malam Tukur a baya yana kare wandonsa daga taɓo. Gero ya yi kai, hanya duk kore. Da muka isa, Arɗo Buba da kansa ya fito, dogon dattijo mai farin gemu, aka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina shanu, ina yara, ina ruwa. Ya rungumi Malam Iro. Da ya ga mahaifinku sai ya ce masa don Allah ya zauna daga can nesa da garke, shanu sun san warin wuƙa. Aka yi dariya. Da idonsa ya sauka kan akwatina kuwa, dariyar ta ragu.

"Wannan allurar yara ce?"

"Ta yara ce, Arɗo. Amma yau ba ita ta fara kawo ni ba. Maire ta kawo ni."

Malam Iro ya yi masa bayani da Fulatancinsa mai ɗingishi, cewa ciwon da ke zubar da cikin shanu shi ne ke dafa jikin surukarsa. Arɗo yana sauraro yana wasa da sandarsa. Ana cikin haka sai ga Inna Dije da ƙwarya fal da madara, yanzu aka tatso, har da kumfa, ta durƙusa ta aje a gabana. Ku da kuka san Fulani kun san mayar da ƙwaryar baƙo ba ƙaramin abu ba ne. Ga shi kuma yanzun nan muka gama cewa a cikinta ciwon yake. Kowa ya zuba mini ido, har Malam Iro, wanda na lura ya kau da kai yana duban sama. Na ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, na yi godiya, na ce:

"Inna, ki ara mini tukunya da wuta. Zan sha har in siɗe, amma sai ta tafasa."

Ta dube ni, ta dubi mijinta. Sannan ta kwashe da dariya.

"Duk wannan doguwar magana da kuka ɗauko a babur uku, ashe cewa za ku yi in dafa madara? Ai in zan yi kindirmo dafawa nake yi. Tun kakata haka ake yi."

"To daga yau har wadda za a ba yara a sha da safe, a yi mata gatan kindirmo."

Na bi ta murhu, muka dafa, na sha a gaban kowa har na ƙona harshe. Ina jin wannan ƙunar harshen ta yi mini aikin da shekaru na wa'azi ba su yi ba. Matan da suka ɓuya suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, goye da yara. Da na nemi ɗiban jinin marasa lafiya don a kai Katsina a gwada, Arɗo ya yarda, tunda ya ga Malam Iro ma ya ɗibi na shanu. A kan allurar yara ne ya toge. Ya ce su ba su saba ba, yaro lafiyayye mi ya haɗa shi da allura? Ina shirin buɗe baki, Inna Dije ta riga ni.

"Arɗo, maruƙan da Malam Iro ke yi wa allura duk shekara, marasa lafiya ne?"

"Lafiyarsu lau. Don kada su kamu ne."

"To jikokinka ba su kai maraƙi ba?"

Arɗo ya juya ga mahaifinku, wanda ke zaune can nesa inda aka aje shi, ya ce masa, "Kai ma haka ake yi maka a gida?" Mahaifinku ya ce ai shi nasa biyu ne, ga mata ga uwa. A ranar, ƙarƙashin wata ƙatuwar tsamiya, Malam Iro yana gefe guda da shanu, ni ina ɗaya gefen da yara, kukan maruƙa da kukan jarirai ya haɗu har ba ka bambancewa. Na auna masu ciki, na rubuta wa kowane yaro kati, na ce a adana shi a cikin jakar da ake adana takardar shanu, don na san ita ba ta ɓata.

Shi kuwa Malam Tukur tun da muka zo ba wanda ya kula shi. Ya tafi shi kaɗai duba tafkin da ke tsakanin rugar da wani ƙauyen manoma, inda shanu ke shiga har ciki su sha su yi kashi, mata kuma daga ɓangaren biyu su zo su ɗebi na sha. Ya tsaya a baki yana rubutu cikin ɗan littafinsa, ƙasa ta zame da shi, ya tafi rijif cikin taɓo har ƙugu. Makiyaya biyu suka miƙa masa sanda suka jawo shi. Ya fito baƙi ƙirin, takalmi ɗaya ya tafi, kowa ya danne dariya don tsoron fuskarsa. Ya dubi kansa sama da ƙasa, ya ce:

"To, na gama binciken. Ruwan nan bai dace da ɗan Adam ba."

Ranar na fara ganin haƙoransa. Daga nan ya zama na kowa. Aka ba shi aron riga da wandon Arɗo, ya zauna cikinsu yana koya wa samari yadda za su sa leda a hannu kafin su taɓa ɓari, su haƙa rami mai zurfi su binne nesa da ruwa. Kafin kaka ta ƙare ya haɗa Arɗo da mai unguwar manoman, mutanen da ba sa haɗuwa sai in saniya ta shiga gona. Aka yi gayya, aka killace gefe ɗaya na tafkin da ƙaya aka bar wa dabbobi, aka haƙa wa mutane rijiya a kan tudu, aka ɗaure bakinta da siminti. Sakamakon jini ya dawo, bakkale ne. Maire da sauran suka sha magani na sati shida, Inna Dije ce mai gadi, kowace safiya tana tsaye da ƙwaya a hannu. Malam Iro ya ware shanun da suka kamu, ya lallashi Arɗo har ya yarda ya rabu da su, abin da ya fi cire haƙori wuya. Gudawar da kan kwantar da yara ta ragu a rugar da ƙauyen baki ɗaya. Wasu rugage suka ji labari suka aiko. Talata ta zama ranarmu, har yaran Batsari suna ce mana 'yan uku.

Yanzu ga inda maganarku ta shigo. A wannan lokacin ne satar shanu ta fara yawa a dajin, aka fara tare hanya, zukata suka fara ɓaci. Mutanen da ba su taɓa taka ruga ba suka fara cewa duk wanda ke daji ɓarawo ne. Wata rana na shiga gidan suna, mata suka yi tsit. Daga baya na ji abin da ake faɗi, wai ni ke kai wa 'yan daji magani. Ke babbarsu kin dawo daga makaranta kina kuka, an ce miki 'yar likitan ɓarayi. Wasu sun daina sayen nama a teburin mahaifinku. Ba a jima ba shugabana a ƙaramar hukuma ya kira ni. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce abin da muke yi ba ya cikin tsarin aikin kowa, ba takardar da ta ce ma'aikaciyar lafiya ta bi malamin dabbobi, kuma yana jin tsoron abin da bakin mutane zai jawo mini. Ya ce ya samo mini gurbi a Katsina, da ƙarin girma. In na ƙi, zan zauna a inda nake, kuma kada in sa ran wani abu nan kusa.

Na dawo gida da takardar a jaka. Wallahi zuciyata ta so tafiya. Na hango ku a makarantar kirki, na hango famfo a tsakar gida. Bayan la'asar na karanta musu ita. Mahaifinku ya ce shi nama ko'ina ana ci, in na zaɓi Katsina zai bi ni da wuƙarsa, in na zaɓi zama ba zai ce don me ba. Na san nauyin ya bar mini, na kuma ji haushinsa a ranar. Na juya ga Iya, ina da tabbacin za ta ce mu tattara, don ita ce kullum ke mitar na dawo ina warin garke.

"In kin tafi, wa zai riƙa zuwa?" in ji ta.

"Za a kawo wata, Iya."

"Za ta je?"

Na san ba za ta je ba.

"Ni ban san allura ba," in ji Iya. "Amma na san in kika tafi yanzu, masu magana za su ce ashe gaskiya ne, gudu ta yi. Kuma matan can za su ce ashe ita ma kamar sauran ce. Ƙarya biyu ke nan za ki bari a baya. Ni dai na tsufa da ɗaukar kaya, a bar ni inda aka binne mijina."

Washegari na mayar da takardar. Na yi shekaru a matsayi ɗaya, waɗanda na koya wa ɗaure bandeji suka zama shugabannina. Ku kuma kuka yi karatu a inda kuka yi. Wannan ku kuka biya, ba da shawararku ba, kuma ina neman gafararku a kansa. Maganar mutane kuwa ta mutu da kanta, don mai unguwar manoman nan ya tashi a masallacin Juma'a ya ce duk mai zargina ya zo ya sha ruwan rijiyarsu tukuna. Ranar da ta biyo baya Inna Dije ta shigo Batsari da mata bakwai, kowacce da ƙwarya a kai, suka bi ta tsakiyar kasuwa har ƙofar gidanmu, suka sauke kindirmo da man shanu. Iya ta raba wa duk unguwa, ta fara da gidajen da suka fi yawan magana. Ba wanda ya mayar.

Mun ci gaba da zuwa muddin hanya na biyuwa. Da daji ya ƙi zama, su Arɗo ma ɓarayin ba su bar su ba, sun kwashe musu rabin garke. Suka tashi suka yi kudu da abin da ya rage. Na ɗauka shi ke nan. Malam Iro ya rasu, Malam Tukur ya koma noman gyaɗa a Karare. Daga baya na ji hukuma da kanta ta fara kiran ma'aikatan mutane da na dabbobi da na tsafta taro ɗaya, har da sabon suna aka raɗa wa abin. Aka gayyace ni sau ɗaya, na je na zauna a baya, aka ba ni lemo.

Bara, ina zaune a tsakar gida ina tsince wake, wayata ta yi ƙara. Maire ce, daga wani gari can kudu da ban taɓa jin sunansa ba. Muka gaisa har kati ya kusa ƙarewa. Inna Dije na nan, ta tsufa amma bakin bai tsufa ba. Maire ta ce ta kawo jikanta rigakafi asibitin garin, ta tambayi malamar wurin ina malamin shanu da mai duba rijiya, yaushe za su zo ruga tare? Malamar ta ɗauka ba ta da hankali. Shi ne Maire ta kira ni in yi wa malamar bayani. Ta miƙa mata wayar. Na ji muryar yarinya ƙarama, ba za ta wuce sa'ar autarku ba, tana gaishe ni a ɗarare. Na ba ta labarin nan da na ba ku, a taƙaice. Ta ce ita ai ba ta ma san ko akwai malamin dabbobi a garin ba. Na ce ta tambayi mahauta, ba za su rasa sani ba.

Bayan kwana huɗu ta sake kirana da lambarta, tana dariya tun kafin ta yi sallama.

"Mama, na same shi. Shekara uku ina aiki a nan, ashe katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kullum ina jin kukan awaki ina zagin mai su."

"To yanzu fa?"

"Mun sa rana. Ya ce in zo da takalmin da ba na so."